Faɗin Yatsu Biyu

A shekarun da suka biyo bayan yaƙin Bama, ƙasa tana hannun Turawa, an yi wani dattijo a Bauranya ta ƙasar Kusada ana ce da shi Malam Kabo. Idan ya ba da baya kuwa, Kabo Reluwe mutanen garin ke kiransa, domin ƙuruciyarsa duka a tashar jirgin ƙasa ta Zariya ya ƙarar da ita, yana juya wa jirage hanya. Can ya yi aure, can ya binne matarsa Rabi, Allah bai ba su haihuwa ba. Da ƙarfi ya ja baya aka sallame shi, ya dawo gidan mahaifinsa da akwati ɗaya da keke.

Ya tarar gari ya saba da rashinsa. Sa'o'insa sun zama masu jikoki, zancensu bai wuce damina da gyaɗa da wanda ya ci iyakar gonar wani ba. In ya zauna a dandali ya ɗauko labarin jirgi, sai a saurara kaɗan saboda ladabi, can wani ya tuna bai ba akuya ruwa ba, wani ya bi bayansa. Babu layin dogo a Kusada, babu a Kankiya. Yawancinsu ba su taɓa ganin jirgi ba, ba su kuma ga abin da rashin ganin ya rage su da shi ba. Kabo mutum ne mai ji da kansa, ba ya roƙon kunne. Sai ya janye jikinsa, ya koma daga masallaci sai gida.

A gidan, mutum ɗaya ya rage masa, yayarsa Hassana, wadda ta dawo ɗakin uwarsu tun rasuwar mijinta, idanunta kuma suka rufe. Ɗanta na fari, Sada, an ɗauke shi soja, jirgi ya tafi da shi daga Kano, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Da yake ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. In zance ya biyo ta kansa sai ta ce "wancan", kowa kuma ya san wanda take nufi.

Wata rana tsakiyar damina Hassana ta laluba za ta sauke tukunya, ruwan zafi ya kwarara mata a hannu. Labari ya kai Rimaye, inda ɗiyarta Jamilatu ke aure. Jamilatu ta zo, ta duba ƙunar, ta durƙusa gaban Kabo.

"Kawu, ba raini ba ne," in ji ta. "Amma gida ba mace mai ido, ai sai abin da Allah ya tsare. In an kai amfani gida zan zo in tahi da Inna."

Kabo ya gyara zama. "A gidanga ba a taɓa yin ɗiyar gida ta tsufa a hannun suruki ba. Gwaggonmu Haulatu a ɗakin can ta ƙare kwananta. Kafin ita, kakarmu haka."

"Gwaggo Haulatu tana gani, Kawu."

"Ku daina ciniki a kaina kamar tunkiya," in ji Hassana daga bakin ƙofa. "Bakina bai makance ba. In kaka ta yi, ni zan faɗi inda zan zauna."

Aka bar magana a nan. Amma tun daga ranar Kabo ya san abin da ke gabansa. In Hassana ta tafi, ba sauran wanda zai amsa masa sallama in ya shigo gida, ba kuma sauran mai kiransa Kabo tsirara, ba Malam ba Reluwe.

Sai ya ƙara yawan hira da ita, hirarsa kuwa guda ce. Rannan da la'asar yana cikin kwatanta mata yadda jirgin Ikko ke shigowa tasha, ta ɗaga hannu ta tsayar da shi.

"Kabo, kullum jirgi, jirgi. Jiya ka ce kamar ɗakuna a jere. Shekaranjiya ka ce kamar ayarin raƙuma. Yau ya koma maciji. Ni dai ban gane komi ba. Abin da ya tahi da wancan, har yau ban san kamarsa ba. Da abin shafawa ne, da na shafa na huta."

Ta faɗa ne ta wuce. Shi kuwa maganar ta zauna masa. Ya ƙudurta a ransa cewa in ya sa jirgi a hannunta, za su sami abin da ya haɗa su wanda babu shi a Rimaye, in kaka ta yi kuma za ta ce wa Jamilatu a bar ta.

Ranar kasuwar Kankiya ya hau kekensa kamar yadda ya saba. A layin 'yan koli akwai Ɗanmaliki, taubashinsa, mutumin da a duniya shi kaɗai ke iya gaya wa Kabo magana ya kwana lafiya.

"Ga bawana ya iso!" in ji Ɗanmaliki. "Zo nan, Sarkin Dogo. Yau na samo maka talakawa."

Ya ɗage wani buhu. Wani Bature mai aikin hanya ne ya tashi zuwa ƙasarsu, aka yi gwanjon kayansa, Ɗanmaliki ya kwaso tarkace. Cikin tarkacen akwai jirage biyu na wasa, irin waɗanda ake wanawa da mabuɗi kamar agogo. Kabo ya taɓa hango irinsu ta tagar gidan wani injiniya a Zariya, bai taɓa zaton hannunsa zai kai gare su ba.

Ɗaya babba ne, tsawonsa ya kusa kamu, kore da jan baki, da nauyi a hannu. Kan jirgi ne kawai, ba tarago, ba dogo, domin dogonsa ya bi wani kashin gwanjo, ba a san inda ya nufa ba. Ɗayan ƙarami ne, bai fi yatsa da rabi ba, amma a cike yake: ga taragunsa, ga dogonsa da ake harhaɗawa ya zama zagaye, faɗinsa bai wuce buzun salla ba. Ɗanmaliki ya haɗa shi nan take, ya wana, ɗan jirgin ya kama zagaye yana ƙir-ƙir-ƙir, ya je ya dawo, ya je ya dawo.

"Zaɓi ɗaya," in ji Ɗanmaliki. "Ko ka ɗauki kan babban ka aza kan dogon ƙaramin, ka ci riba biyu."

"Jahilci dai ba ya tsufa," in ji Kabo. "Kowane jirgi da faɗin hanyarsa. A Zariya akwai ƙaramin jirgin Jos, akwai babban na Ikko. Tunda aka kafa tasha ba a taɓa aza ɗaya kan dogon ɗaya ba. Sai dai a sauke kaya a sake lodi."

"To, Malam ya yi fatawa. Wanne za a naɗe?"

Ba a naɗe ko ɗaya ba. Kabo ya koma gida hannu wofi, kasuwa ta zagayo ya sake zuwa, ya sake komawa. Mutumin da ya yi rayuwarsa tsakanin jirage na gaske, sai ga shi ɗan koyo a gaban na gwangwani. In ya dubi ƙaramin, sai hankali ya ce masa shi ne daidai: yau ka saya, yau ya yi tafiya, ya kuma shiga ɗakin Hassana ba tare da an kawar da ko tulu ba. Amma tagoginsa kamar ƙwayar gero suke, ƙafafunsa kuwa shi kansa Kabo sai ya ƙanƙance ido kafin ya daidaita su a kan dogo. In ya dubi babban, sai ya ga komai a fili, bututun hayaƙi, da tukunyar ruwa, da sandunan da ke tura ƙafafu, da wurin tsayuwar direba. Sai dai jirgi ba dogo, ai doki ne ba fage. Kuma ko an sami dogon, sai tsakar gida za ta ɗauke shi.

Ɗanmaliki ya gaji. "Ko aure ne ai da an shafa fatiha. Kai da ba ɗa ba jika, wa za ka saya wa ma?"

Maganar ta soki Kabo, Ɗanmaliki ma ya ga ta soke shi, ya kama gyaran madubai yana tari. Kabo kuwa ya matso gaban jiragen. Ya tsuguna, ya rufe idanunsa duka biyu, ya miƙa hannu ya ɗauki ƙaramin. Ya juya shi, ya shafa. A cikin duhun, abin da ya ji a tafinsa bai bambanta da fara ba, 'yan ƙafafu da ɗan jiki mai sanyi. Ya ajiye, ya laluba ya ɗauki babban. Yatsunsa suka bi bututu suka gangara, suka sami ƙafa, suka bi sanda zuwa ƙafa ta gaba. Wannan kam jirgi ne, ko ba ido.

Mutane suka ɗan taru suna kallon dattijo mai furfura a tsugune, ido rufe, yana shafa kayan wasan 'ya'yan Turawa. Wata mai nono ta ce wa 'yar'uwarta, "Duba yake yi, ko barci?" Aka yi dariya. Kabo ya buɗe ido ya ga fuskoki, kunya ta rufe shi tun daga hula har takalmi. Ya yi ciniki a gaggauce, ya naɗe babban cikin tsohon rawani, ya ɗaure a bayan keke. Yana jin Ɗanmaliki na cewa, "A gaida fasinja!" bai waiwaya ba.

Ya kulle jirgin a akwati, bai gaya wa Hassana ba. So yake ya miƙa mata shi cikakke, yana tafiya bisa hanyarsa, kamar yadda ya kamaci aikin mutumin da ya san aiki. Saura dogo. A Kusada akwai Dauda maƙeri, wanda aka shaida ba abin da ke gagararsa in dai ƙarfe ne. Amma Kabo ya rantse a ransa ba zai sake fita da jirgin bainar jama'a ba. Dariyar Kankiya ta ishe shi. Awo kawai zai kai.

Da hantsi ya fito da jirgin a hankali, ya je danga ya zaro karan dawa mai kyau, ya sa gwiwa ya karya, don ya yanke daidai tsakanin ƙafa da ƙafa. Hassana na zaune a inuwa tana taunar goro. Kunnen makaho kuwa ba ya barci.

"Mi kake karyawa?"

"Kara ne, Yaya. Awo zan kai Kusada."

Ta yi 'yar dariya. "Kabo, tun ban cika ba ka yanke karan awo? Ka bari dai a yi mani wanka tukuna."

Wasa take yi. Amma kowa ya san inda ake kai karan awo: da shi ake auna mamaci a kai wa masu haƙa. Kabo ya tuna ranar da aka zaro kara daga dangar barikin reluwe aka shiga da shi ɗakin Rabi. Ya dubi yayarsa, ga ƙuna a hannu, ga rama a wuya. Ya dubi karan. Ya jefa shi bayan danga kamar ya ƙone shi. Ya koma ɗaki, ya sa yatsunsa tsakanin ƙafafun jirgin, manuniya da ta tsakiya suka shiga cif. Ya ce wannan ya isa.

A maƙera ya tarar da mutane zazzaune suna jiran lauje da magirbi, don kaka ta ƙarato. Ya ja Dauda gefe, ya yi ƙasa da murya. Yana son ƙarafa biyu sirara, a lanƙwasa su zagaye kamar gindin rumbu, ɗaya cikin ɗaya, a ɗaure su da 'yan gindaye na ƙarfe yadda ba za su motsa ba.

"Malam, mi za a yi da wanga? Tarkon gafiya ne?"

"Abin da na sa ka shi za ka yi."

"Ka kawo abin da zai hau kai in gani mana. Ido ya fi baki."

"Maƙeri da tambaya kamar alƙali! Tsakaninsu yatsu biyu, ba ƙari ba ragi."

Ya ɗaga yatsunsa biyu a iska. Dauda ya ce to, ya aza nasa biyu a kan uwar maƙera, ya ja zane da gawayi. Kabo bai ga zanen ba, domin a lokacin ya waiwaya yana duban ko masu jiran lauje sun ji. Yatsun Kabo sirara ne kamar na mai ɗinkin hula. Na Dauda kuwa guduma ta rene su, kowanne kamar saiwar rogo. Tun zamanin da ake sayen saƙi da kamu magabata suka kafa doka, hannun da ya yi ciniki shi ke awo. An yi wani a garin Boko da ya aika a sassaƙa masa ƙyaure da kamun ɗan aike, ya ƙare yana kwana da asabari. Zuwa da kai ya fi aike, ba kuma Kabo ne farau ba.

Aiki ya yi wa Dauda yawa, dogo ya yi ta jira. Aka yanke gero, aka ɗaure dammuna, dawa ta sunkuya. Kabo na zuwa Kusada yana dawowa da "gobe in Allah ya so". Ranar da a ƙarshe ya ɗauko zagayen ƙarfen, ya rataya a kafaɗa ya turo keke har gida, sai ya tarar da jaki ɗaure a ƙofar zaure. Jamilatu ta iso. Amfaninsu ya shiga rumbu da wuri bana.

"Kawu, sannu da zuwa. Mi ke nan a kafaɗarka kamar bakin rijiya?"

"Ki share mani tsakar gida," in ji shi. "Yaya, kada ki ce komi tukuna. Akwai abin da zan nuna maki."

Aka share, aka shimfiɗa wa Hassana tabarma. Kabo ya ajiye zagayen, ya ɗauko jirgin, ya wana shi, ya riƙe ƙafafun da babban yatsa, ya sauke shi bisa dogo. Ƙafar dama ta hau. Ta hagu ta faɗa rami. Ya gyara, ta hagu ta hau, ta dama ta faɗa. Ya saki, jirgin ya kwanta a gefe tsakanin ƙarafa biyu, ƙafafunsa na juyawa a iska kamar ƙwaron da aka kifar. Kabo ya sa yatsunsa biyu a tsakanin dogon. Akwai sauran wurin na uku.

Ya daɗe a tsugune. Jamilatu ta kawar da kai, ta shiga neman abin da bai ɓata ba a bakin murhu.

"Ina jin abu shina kuka kamar gyare," in ji Hassana. "Ba ni nan."

"Bai yi ba, Yaya. An ɓata awo."

"Na ce ba ni."

Ya aza mata a cinya. Ta fara daga gaba. Ta sami bututu, ya ce nan hayaƙi ke fita. Ta bi tukunya, ya ce nan ruwa ke tafasa. Ta sa ɗan yatsa a wurin direba, ta zagaya ciki. Ta ƙirga ƙafafu da tafinta, ta kama sanda ta motsa, ta ji ƙafafun sun amsa tare. Kabo na ba ta sunan kowane abu, muryarsa na dawowa kaɗan kaɗan. Bai taɓa samun mai saurare irin na wannan rana ba.

"Ina mutane ke zama?"

"A taragu, a baya. Wannan shi ke jan su."

"To, sa shi ya yi tahiya in ji."

"Ba hanya, Yaya."

"Ƙasar Allah duk ba hanya ba ce?"

Ya wana shi har mabuɗi ya ƙi juyawa, ya ajiye a kan daɓe kusa da ƙafarta, ya ɗora hannunta a bayansa. Ya saki. Jirgin ya zame daga ƙarƙashin yatsunta, ya miƙe sak. Ya wuce turmi, ya wuce gindin rumbu, kaji suka watse. Ƙararsa na raguwa, na raguwa, har ya shige duhun zaure, aka daina jin komai.

Hassana ta bar hannunta a inda yake, a buɗe. Ta karkata kunne wajen zaure, ta jira. Ba wanda ya yi motsi.

"Ba shi dawowa?"

"Da dogon ya yi, da zagayawa zai yi ya dawo hannunki," in ji Kabo. "Akwai ma wani ƙarami a Kankiya, shi da ya tafi yake dawowa. Na bar shi na ɗauko wannan. Kuskure na yi."

"Ba ka yi kuskure ba. Da wancan ka kawo mani, da na ce ƙarya kake." Ta janye hannunta, ta rufe shi da gefen zane. "Ashe haka ya yi. Haka ya tahi da shi."

Sannan ta ce, "Kabo, ka san abin da ya zaunar da ni gidanga? Ba al'adar Gwaggo Haulatu ba ce. Cewa nake, in wancan ya dawo, nan zai fara tambaya, kada ya zo ya tarar ba ni. Kullum kana ba ni labari, jirgi ya zo, jirgi ya zo, sai in ce to, wata rana. Yau na ji tahiyarsa da hannuna. Jamilatu, ɗaure mani kayana."

Kabo ya buɗe baki zai kawo wani misali na magabata, ya duba duk iya saninsa, bai sami ko ɗaya ba.

Kayan ba su da yawa. Kafin rana ta karkata an aza su. Hassana ta sa aka ɗauko mata jirgin daga zaure, ta naɗe shi cikin zanenta, ta ce da shi za ta tafi. Da aka ɗora ta kan jaki, ta laluba ta zare mabuɗin, ta miƙa hannu wajen da take jin numfashin ƙanenta.

"Riƙe wanga. Ni ban iya wana shi ba, Jamilatu kuwa karya shi za ta yi. In ka ga dama ka zo Rimaye ka wana mani. In girman kai ya hana ka, sai ya zauna shiru, ni ma haka."

"Allah ya kiyaye hanya, Yaya."

"Amin. Ka riƙa rufe tukunya, kaji na shiga."

Ya raka su har bayan gari, ya tsaya inda gonaki suka fara, yana kallo har karan dawa ya rufe su. Da ya dawo ya yi sallama a zaure bisa sabo. Ya ɗan dakata, sannan ya shiga.

Zagayen ƙarfen na nan tsakar gida inda ya bar shi, wata kaza ta shiga tsakiya ta kwanta. Bai kore ta ba, bai kuma ɗauke ƙarfen ba. Ya zauna bakin tabarmar da ba a naɗe ba, ya zaro zare daga gefen tsohon rawanin, ya zura mabuɗin, ya ɗaura a jikin tazbaharsa. Daga nan ya tashi ya jawo keke, ya tattaɓa ƙafar baya, ya ga iska ta yi ƙasa, ya shiga ɗaki neman famfo.